Bara'atu, Wadda Ta Ƙi Tayar da Direban Gembu

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu na shekarar 2024, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Malama Bara'atu Yuguda a gidan mahaifinta da ke unguwar Sarkin Dawaki, nan Jalingo, bayan wani zazzaɓi da bai cika mako ba. Nasa ne mu duka, kuma wurinSa kowannenmu ya dosa. Labarin ya same ni da kan mutum a hannuna. Ina tsakiyar yi wa wata maƙwabciyata shuku wayarta ta yi ƙara, ta duba, ta saka salati. Na ƙarasa mata kitson nan, amma har yau ban san yadda aka yi na ƙarasa shi ba.

Ni ce Saliha mai kitso ta unguwar Majidaɗi, wadda ke kan keken guragu. Rubutu ba sana'ata ba ce, taki ce, Bara'atu. Ke ce malamar firamare da rana, marubuciya da yamma, wadda ɗaruruwan mata da wasu mazan da ba sa so a sani suke jira kullum ki saki sabon shafi a guruf ɗinki na Wasaf. Amma tun da kika tafi ban samu na zauna na yi kukanki yadda ya kamata ba, domin tsoro ya riga kukan shiga zuciyata. An ce za a share littafinki, Direban Gembu, daga wayarki da wayoyin mutane, kuma masu ƙaunarki ne suka ce a yi hakan. Bari in ba ki labarin yadda makon nan ya kasance, kamar yadda na saba ba ki labari kina zaune a gabana.

Amma tukuna sai mutane sun san yadda muka haɗu. Shekaruna sun yi nisa a kan keken nan. Napep ɗin da na shiga ne ya kife da mu kusa da gadar Mayo Gwoi, bayin Allah suka taho taimako da gudu, wannan ya ja hannu, wancan ya ja ƙafa, aka naɗe ni kamar tabarma aka cusa a bayan wata mota. Daga baya likita ya ce da an kwantar da ni a miƙe a kan katako ko ƙyauren ƙofa, ba a lanƙwasa bayan ba, wataƙila da ɓarnar ba ta kai haka ba. Ban riƙe kowa a zuciya ba, ceto suka zo yi. Lakata dai ta tsinke, daga cibiya zuwa ƙasa ba na ji, ba na motsawa. Hannuwana suna nan lafiya, da su nake ci, nake kuma ciyar da ƙanwata da muke zaune tare.

Ranar da kika fara zuwa gidana kitso kika zo, ko kuma haka kika ce. Kin zauna a tabarma, kin jingina bayanki da gwiwoyina kamar kowace mace, na tsaga kan na fara. Can sai kika kira ni Adda, wato yaya, kika ce, "Adda, jiya na jefo wani bawan Allah daga hawan Mambila, na karya masa baya. Yau na wayi gari na rasa abin da zan yi da shi."

Sai da na saki gashin. Kika tuntsire da dariya, kika ce direba ne a cikin littafin da kike rubutawa, sunansa Suhail, an tsinke masa birki saboda ya ga fuskar ɓarayin shanu.

Ni kuwa dama ina cike da haushin marubuta, domin mai zama wuri ɗaya yana karatu da yawa. Na ce miki, "Ki kai shi Indiya mana. Ba haka kuke yi ba? Shafi uku ya dawo yana takawa, budurwa ta suma don murna." Na ƙara da cewa in ba haka ba, ai mugu kuke karya wa baya. In marubuci ya rasa yadda zai hukunta azzalumi a ƙarshen labari, sai ya ɗora shi a kan keke, miyau na zuba, kowa ya ce alhaki ne. Su kuma yaran da suka ji labarin su zo su tsaya a ƙofata suna kallona, suna lissafin wa na zalunta.

Ba ki kare kowa ba. Sai kika tambaye ni abin da babu wanda ya taɓa tambayata, har cikin dangina. Kika ce, "In kin farka da safe, mene ne abu na farko da kike yi?"

Yatsuna suka tsaya a kanki. Daga nan na kafa miki sharaɗi. Na ce zan gaya miki komai, amma kada wani mahaluki ya san daga bakina ya fito. Na kuma gaya miki dalili. A ƙarƙashin zanen nan da mata suke jingina da shi, akwai jakar fitsari ɗaure a ƙwaurina, da siririyar roba da ta fito daga jikina ta shiga cikinta. Ina tsaftace ta, ina zubarwa a kan lokaci, ina turara kayana fiye da amarya. Amma na san mata. In suka san abin da ke kusa da kunnensu, da yawa ba za su sake zama a tabarmar nan ba, ni kuma ba ni da wata gona sai ita. Kika ce, "Adda, Suhail namiji ne, mai gemu. Wa zai neme ki a cikinsa?" Kin riƙe alkawarin nan har kika koma ga Allah.

Daga ranar kanki bai sake hutawa ba. Kitson da zai yi sati uku sai ki tsefe shi a kwana huɗu ki dawo, har na fara yi miki tsiya cewa za ki yi sanƙo kafin direbanki ya fita asibiti. Kina zaune, ina kitso, kina tambaya. Na gaya miki yadda ƙafar da ba ta jin tsinin allura take kwana tana zafi daga ciki kamar an zuba mata barkono. Na gaya miki ranar da na zauna kusa da kaskon wuta lokacin sanyi, sai ƙauri ne ya sanar da ni cewa diddigena na gasuwa. Na gaya miki dalilin da ya sa nake dafa hannun keke in ɗaga jikina sama jifa-jifa ina cikin hira, wanda mutane ke ɗauka gyaran zama ne. Fatar da aka danne ta daɗe mutuwa take yi, ta buɗe gyambo, kuma gyambon nan ya kashe irinmu fiye da hatsarin da ya kwantar da mu. Wanda ke kwance dole a juya shi duk bayan kamar awa biyu, a duba bayansa da ƙugunsa da idon sawunsa kullum.

Kin fi son labarin bikin nan da na je a Mayo Gwoi. Ana cikin kamu ƙafata ta dama ta zabura da kanta ta harbi iska, kamar yadda takan yi in jijiya ta motsa ko mara ta cika. Wata dattijuwa ta gani, ta rangaɗa guɗa, ta ce Saliha ta warke. Kan ka ce wani abu mata sun bar amarya sun kewaye ni, biyu sun kama hammatana za su tsayar da ni. Da ƙyar ƙanwata ta ƙwace ni. Kin yi dariya har da hawaye, sannan kika tambaye ni abin da na yi da na koma gida. Na ce miki kuka na yi. Kin sa duka biyun a littafin, dariyar da kukan, kuma a nan na san ba irin marubutan da nake zagi ba ce ke.

Ba ki tsaya a bakina kaɗai ba. Wata rana kika sa ƙanwata ta mayar da ni kan gado, kika hau kekena, wai sai kin fita da shi da kanki kin ji abin da Suhail zai ji. Ko ƙofar gida ba ki wuce ba tayar gaba ta faɗa kwata, kika kifa da fuska a gaban mai sayar da rake. Kika tashi kina kakkaɓe hijabi. Kafin mako ya zagayo ga magini da buhun siminti, ya rufe kwatar ya yi mini gangara mai sauƙi daga ƙofa zuwa titi. Na yi shekara da shekaru ana ɗaga ni a wurin nan kamar kayan miya, tun daga ranar nake fita da hannuna.

Kin je wurin likita da tambayoyinki. Kin je wurin malami kin tambaye shi hukuncin alwalar mutumin da fitsarinsa ke zuba a roba ba tare da ikonsa ba, ya ce mai wannan larura yana da uzuri, ya tsaftace abin da zai iya, ya yi sallarsa a yanayin da yake. Kin sa wannan a bakin limamin tashar da Suhail yake lodi. Ba ki san inda maganar za ta faɗa ba, sai ga saƙo daga wata mata a Mayo Gwoi. Mijinta Manga, mai lodin yashi a rafi, gaɓa ta rufto masa ta karya shi. Ya yi watanni kwance a gefe ɗaya da gyambo a ƙugu, ya kuma daina sallah, domin yana ganin najasa ba ta rabuwa da shi, yana jin kunyar tsayawa gaban Ubangiji haka. Matar ta karanta masa wurin nan sau biyu, ya ce a kawo masa ruwa. Ke kika ɗauki napep kika kai ni gidan, muka nuna mata yadda ake juya mutum da filo uku. Gyambon ya ɗauki lokaci, amma ya rufe.

Masu karatu kuwa ba su bar ki kin sha ruwa ba. Kullum guruf cike da roƙo da barazana. Wannan ta ce don girman Allah ki tashe shi kafin aure. Waccan ta ce in bai taka ba ta daina karantawa, ta kuma ci gaba da karantawa. Kika ƙi. Suhail ya gano wanda ya tsinke masa birki yana kan kekensa, da waya da wayo da tsofaffin yaran motarsa. Ya yi aure yana kan kekensa. Wani lokaci yana da haƙuri, wani lokaci masifaffe ne da ko ni sai na ji haushinsa. Littafin ya ƙare gab da azumin da ya wuce, yana zaune a tasha yana kula da motocinsa biyu, yana faɗa da kamasho a kan kujerar gaba. Na tambaye ki me ya sa kika yi taurin kai haka. Kika ce, "In na tashe shi, me zan ce wa Manga? Ya ci gaba da kwanciya har nasa shafin ya zo?"

Babi biyu ne suka jawo miki magana. Ɗaya shi ne na safiyar Suhail, inda kika rubuta yadda ake zubar da jaka, da yadda mai ciwon laka yake ware lokaci ya taimaki cikinsa da safar hannu domin kada bayan gida ya kunyata shi a cikin mutane. Ɗayan kuma na zamansa da matarsa ne, wanda kika rubuta da kunya da lulluɓi, don kawai a san cewa irinmu ma ana aure da mu. Wasu suka ce ƙazanta ce, wasu suka ce batsa. Har aka riƙa raɗa cewa ta yaya bazawara, wadda mijinta ya rasu tuntuni, ta san sirrin jikin gurgun namiji haka. Na ce miki ko dai in fito in yi magana. Kika ce in na kuskura kin daina zuwa kitso, su yi ta faɗa, bakinsu ne. Kika juya kai kika ce in ja miki gefen hagu da kyau.

To, ranar sadakar uku, yayanki Hammanjoda ya tura saƙon murya a guruf ɗin da wayarki. Ina so duk mai karanta wannan ya san cewa Hamma ba mugu ba ne. Shi ya riƙe gidan tun rasuwar mahaifinku, shi ya dawo da ke da 'yarki Bushra gida da kika yi takaba, kuma a saƙon nan sau biyu muryarsa tana yankewa. Ya ce an sanar da shi akwai wurare marasa kyau a rubutunki. Ya ce mamaci ba ya iya gyara abin da ya bari, kuma duk wanda ya karanta abin da bai dace ba, yana tsoron a rubuta miki kina kwance. Ya roƙi duk mai ƙaunarki ya goge littafin. Ya ce bayan addu'ar bakwai zai kai wayarki wurin masu gyara a share ta tas, a ba Bushra.

Haka muke yi, na sani. In mawaƙi ko 'yar fim ta rasu, haka ake roƙo a goge hotuna da waƙoƙi don a sauƙaƙa wa mamaci, ni ma na sha gogewa da zuciya ɗaya. Amma ban taɓa zaton zan ga an yi miki ba. Saƙonni suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya. Na goge, Allah Ya gafarta mata. Na goge, Allah Ya haskaka kabarinta. Matan da suka yi shekara suna rigima da ke a kan Suhail su ne kan gaba, suna kuka suna gogewa. Matar Manga ta kira ni, ta ce ita ma ta goge, don ba za ta saka wa mai alheri da nauyi ba, amma ta manta yadda kika ce a yi in fitsarin ya yi duhu zazzaɓi ya taso. Ni kuwa tsohuwar wayata ta faɗa bokiti tun damina da rabin littafin a ciki. Kullum kina cewa za ki sake turo mini, kullum hira ta ɗauke mu. Cikakken Direban Gembu, daga farko har ƙarshe, a wayarki kaɗai na tabbata yana nan, wayar kuma tana aljihun Hamma.

Ba zan ɓoye miki ba, Bara'atu, tsorona biyu ne, kuma kowanne yana jan nasa gefen. Ina tsoron a share, wani ya faɗo daga bishiya ko babur gobe, a naɗe shi a cusa a mota, a kwantar da shi a gefe ɗaya yana jiran ranar da zai tashi kamar na cikin littattafai. Ina kuma tsoron ko Hamma ne da gaskiya. In har maganganun da na zuba miki a kunne su ne ake tambayarki a kansu yanzu fa? Na kasa cin abinci. Na tsaga kan wata yarinya a karkace har uwarta ta tambaye ni ko lafiya. Na yi ta juya abin, na ga duk abin da ke babin nan ni nake yin sa kowace safiya kafin in yi alwala in fuskanci alƙibla, kuma Allah da Ya ɗora mini bai kira shi batsa ba. Sai dai babu yadda za a yi Hamma ya san haka in ba wani ya gaya masa ba, kuma mutum ɗaya ce za ta iya.

Ana gobe bakwai na sa aka kai ni gidanku. Samari suka ɗaga kekena a matakalar zaure, aka tura ni tsakar gida. Mata cike a kan tabarmi, kuma na ƙirga da ido, fiye da rabinsu kawunansu sun saba da gwiwoyina. Mahaifiyarki, Dada Hajaratu, tana jingine da bango da carbi, ta rame kamar ba ita ba. Ina nan sai ga Hamma ya shigo yi mata maganar shinkafar gobe. Na ce, "Hamma, don Allah ina da magana a kan wayar Bara'atu."

Ya tsaya, ya gaishe ni da mutunci. Ya ce, "Malama Saliha, na san kuna tare. Amma an karanta mini wani wuri, ban iya ji har ƙarshe ba. Fitsari, bayan gida, har shimfiɗar aure. Ƙanwata mace ce mai kamun kai. Ban san inda ta samo wannan ba, kuma ba na so ya bi ta."

Na ce, "A wurina ta samo."

Ya dube ni bai gane ba. Sai na sunkuya na kama gefen zanena, na ɗaga shi zuwa ƙwauri, iya inda jakar take ɗaure. Na ce, "Wannan ce jakar Suhail. Safar hannun nan tawa ce, ƙunar diddigen tawa ce. Abin da ya shafi aure, likita da wasu ma'aurata ta tambaya, don kada matan irinmu su gudu. Ba ta ƙirƙiro ƙazanta ba, Hamma. Rayuwata ta rubuta, ta sa mata gemu don ta rufa mini asiri. An zage ta a kaina ba ta taɓa faɗin sunana ba. Akwai mutum a Mayo Gwoi da ya koma sallah saboda littafin nan. In akwai abin da zai bi ta, ina roƙon Allah ya zama wannan."

Na ga wata da na yi wa kitson sallah ta kawar da kai, wata ta ja tabarmarta baya kaɗan, kamar ba da gangan ba. Na saki zanen. A zuciyata na ce shi ke nan, Saliha, kin rasa littafin kin rasa tabarmar.

Sai Dada ta ajiye carbi. Ta dafa bango ta miƙe, ta tako a hankali har gabana, ta zare ɗankwalinta. Furfurar ta cukurkuɗe, rabi a tsefe, rabi da tsohon kitson da kika yi mata kafin ki kwanta. Ta juya ta zauna a ƙasa, ta jingina kanta da gwiwar ƙafar nan da jakar take, ta ce da Hausarta ta Fulanin da, "Ka kitsa mini, ɓingel am, 'yata. Tun da Bara'atu ya kwanta ba wanda ya taɓa kan nan."

Wata ta miƙo mataji. Na fara tsefe abin da hannunki ya kitsa, ba na ganin tsagar saboda hawaye. Da na ɗaga kai Hamma ya riga ya fita.

An yi addu'ar bakwai, an watse, babu wanda ya yi maganar waya. Na dawo gida ina ganin ta tafi wurin masu gyara. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofa sai gabana ya faɗi. Jiya Laraba da hantsi aka yi sallama, ƙanwata ta ce Hamma ne. Na tura kaina na fita, na same shi tsaye a kan gangarar simintin nan yana kallonta. Ya ce, "Wannan ma ita ta sa aka yi?" Na ce ita ce. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wayarki, da tsagewar nan a gefen gilashi da kullum kike cewa za ki gyara.

Ya ce, "Ban share ba. Ban kuma karanta ba, ba zan iya ba. Bushra za ta zo ta buɗe miki. A cire hotonta da ke bangon littafin, wannan kam ban yarda ba. Sauran ki kai wa waɗanda ke kwance." Ya juya zai tafi, ya sake tsayawa, ya ce in yi miki addu'a, don yana ganin tawa za ta fi tasa sanin abin da za ta roƙa.

Yau Alhamis, ranar da tabarmata takan cika da masu shirin Juma'a har wasu su zauna a dakali. Mata biyu suka zo. Ɗaya ta zauna nesa kaɗan, sai da na ce hannuna ba ya kaiwa sannan ta matso. Wata ta aiko cewa tana da baƙi. Ban san abin da mako mai zuwa zai kawo ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce ba na tsoro. Amma da safen nan Bushra ta tura wa matar Manga littafin daga shafin farko, ta kuma mayar da shi guruf da izinin kawunta. Babin zazzaɓin yana nan inda kika bar shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Dada Hajaratu, Allah Ya sanyaya mata zuciya, Ya saka mata da abin da ta yi mini a gaban mutane. Ina yi wa Hamma Hammanjoda ta'aziyya, Allah Ya ba shi ladan tsoron da ya ji miki da ladan haƙurin da ya yi. Allah Ya raya Bushra, Ya zama gatanta. Ina yi wa ɗalibanki da abokan aikinki da duk masu karatunki ta'aziyya, har da waɗanda suka goge don suna sonki.

Ke kuma, Bara'atu, Allah Ya gafarta miki abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Yadda kika rufa mini asiri a duniya, Allah Ya rufa miki naki ranar da asirai za su tonu. In akwai kuskure a shafukan nan, Ya yafe shi, in akwai alheri, Ya sa ya yi ta iske ki muddin akwai mai jinyar da zai tashi ya juya marar lafiyarsa. Ke da kika koya wa mutane yadda ake gyara wa wanda ba ya iya motsi makwancinsa, yau ga ki kwance inda hannun kowa ba ya kaiwa. Allah da kanSa Ya gyara miki naki, Ya yalwata shi, Ya sanyaya shi. Amin.